Wane Zama ne na Banza? Yadda Mutanen Sabo Suka Auna Lokaci Tun Zamanin Ayari



Akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa a unguwar nan. Dattawa na cewa yaran yanzu sun lalace, kai a sunkuye kan waya tun hantsi har lisha. Samari kuma in sun keɓe cewa suke yi, to su dattawan me suke yi, in ban da zama kan benci a ƙofar gida, a ci goro, a yi hira, a tashi salla, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya? Kowa na kiran zaman ɗan'uwansa zaman kashe wando. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwaya mu ga yadda iyaye da kakanni suka auna wannan abu. Abin da ake kira ɓata lokaci ya sha canjawa tare da hanyar neman abinci. Akwai zamanin da aka auna daidai aka ci riba, akwai kuma inda ma'aunin ya cuce mu, har yau muna biyan bashinsa.

Zamanin ayari

Kafin a san Sabo ta Ibadan, fataken goro Gwanja suke nufa. Ayari kan tashi daga Kano ko ƙasar Sakkwato bayan damina ta ɗauke, jakuna ɗauke da kanwa da tufafin rini da jar fata. A ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa ƙasar Bargu, har a sauka Salaga, a arewacin Gana ta yau. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara cur. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka yi fice a wannan fatauci, kuma kowane ayari da madugunsa, da jagabansa, da malaminsa.

Mai irin wannan tafiya ba ya lissafi da awa. A tashi da asuba, in rana ta take a sauka zango, a kwance wa dabbobi kaya su yi kiwo. Ana iya share kwanaki a bakin kogi ana jiran fito, ko a ƙofar wani gari madugu na daidaitawa da sarki kan kuɗin hanya. Babu mai kiran wannan ɓata lokaci. Gaggawa ita ce aibi, domin wanda ya ƙosa ya bar ayari ya yi gaba shi 'yan fashi ke tarewa. A bakin irin waɗannan mutane karin maganar nan ta sannu ba ta hana zuwa take da cikakkiyar ma'ana.

Amma ko a zango akwai malalaci, kuma goro ne ke tona masa asiri. A hanyar dawowa dole a riƙa kwance huhu a kai a kai, a tsince wanda sankara ta kama, a sauya ganye, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Fatake biyu za ka gani ƙarƙashin inuwa ɗaya, dukansu a zaune, dukansu suna hira. Ɗaya hannunsa na cikin huhu, ɗaya kuma ya harɗe ƙafa. Sai an isa Kasuwar Kurmi a Kano za a gane wanda ya zauna zaman nema.

Dogo da agogo

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, hanyar goro ta rikice. A 1892 yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga. Wasu fatake suka koma sauko da goro bakin teku, a loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Marigayi Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan hanya a ƙuruciyarsu. A 1901 dogo ya iso Ibadan daga Ikko, a 1911 ya kai Kano. Manoman Agege da Shagamu da kewaye suka dasa irin goron Gwanja a gonakinsu, har yau kuma Yarabawa da sunan Gwanja suke kiransa a harshensu. Da goro ya matso kusa, mai sayensa ma ya matso. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Ibadan wannan wuri da muke zaune, aka ce masa Sabo.

Tafiyar wata uku ta koma ta 'yan kwanaki. Nan lissafi ya juya. Da, haƙurin jira shi ne jari. Yanzu tarago na da ranar tashi da lokacin tashi, wanda huhunsa bai isa tasha ba ya jira wani, kafin nan kuwa farashi a Kano ya iya faɗuwa. Ga kasuwannin ƙauyukan Yarabawa da ke ci kwana biyar-biyar a irin ƙidayarsu, ba mako-mako irin namu ba, dole mai sayen goro ya riƙe ranakunsu a ka. Ita kanta kalmar agogo daga Yarabanci muka aro ta, asalin ma'anarta ƙararrawa. Kakanninmu da asuba da hantsi da walaha da azahar da la'asar da almuru suke raba yini. Sai ga shi sun wayi gari da ma'auni biyu: kiran ladan da usur ɗin jirgi. Makara, wadda a zamanin jaki ba ta wuce a yi maka faɗa ba, ta zama asarar dukiya.

Zauren mai gida

Duk da haka, babban aikin Sabo a zaune ake yinsa, kuma nan ne baƙon ido ke ruɗewa. Mu ɗauki cinikin shanu. Falke ya koro shanu daga Arewa, ko ya loda su a jirgi. Waɗanda suka zo da ƙafa, da zarar sun shigo kurmi ƙudan tsando ya same su, sammore ta kama su, kullum ramewa suke yi. Dole a sayar da wuri. Mahautan gari kuma ba su da kuɗin biya nan take, sai sun yanka sun sayar, bayan 'yan makonni su kawo. Falke bai san su ba, ba ya jin harshensu. Babu takarda, babu banki, babu zancen kotu.

Wa ke tsayawa a tsakani? Mai gida. Shi ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma ɗauki lamunin bashin. In mahauci ya gudu, mai gida ne zai biya, in ba haka ba sunansa ya ɓaci tun daga nan har Arewa, baƙi su koma gidan wani. To ta yaya zai san mahaucin da za a ba shanu biyar da wanda ko ɗaya bai cancanta ba? Ta hanyar hira. Wane ya ƙara aure, wane ya yi biki ya kashe abin hannunsa, wane ana binsa bashi a wani gida, wane cinikinsa ya ja baya. Yaran mai gida su yini a kara da mayanka suna gaisawa da mutane, da yamma su dawo zaure su zube abin da suka ji. Wanda ya wuce ya gan su zai rantse zaman banza suke yi. Alhali wannan zaman shi ne littafin ajiyar unguwa, la'adar dillali ma daga cikinsa take fitowa.

Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar nan a 1962 da 1963, lokacin mutanenta dubu huɗu ne da 'yan kai, ya fitar da littafi kanta a 1969. Babban abin da ya fahimta shi ne amana ce ke riƙe da cinikin goro da shanu, kuma ana gina ta ne ta zama tare, da salla tare, da sanin juna. Dattawanmu ba su bukaci littafi kafin su san haka ba.

Shi ma yaron gida haka ne. Zai yi shekaru yana share zaure, yana kai wa baƙi abinci, yana raka su tasha, ba albashi. Amma kunnensa a buɗe yake. In ya nuna hankali, mai gida ya yi masa aure, ya ba shi jari ko ya sa shi dillanci. Yaron da ake cewa ya ɓata lokacinsa shi ne wanda ya shekara biyar a zaure bai iya bambance daushe da sabon goro ba, bai kuma riƙe sunan baƙo ko ɗaya ba.

Daren Sabo

Lokacin aiki ke nan. Na hutu fa? Mu faɗi gaskiya, Sabon farko gari ne na baƙi da gwauraye, mutum ya bar iyali nesa, ga kuɗi a aljihu. Akwai caca, akwai gidajen goge, akwai bori, akwai gidajen mata masu zaman kansu. Falke nawa ne ya zo da jari ya bar shi a kan tabarmar karta, kunya ta hana shi komawa gida? Tsofaffi sun san irin waɗannan labarai, ba sai an kama suna ba.

Babban sauyi ya zo a 1951 da 1952, lokacin da ɗariƙar Tijjaniyya, ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, ta game unguwar, mafi yawan maza suka shiga. A 1952 ne kuma mutanen Sabo suka fara sallar Juma'a a cikin unguwarsu, maimakon zuwa babban masallacin gari. Abin da ya shafi zancenmu shi ne yadda aka raba yini sabon rabo: lazimi safe da yamma, wazifa cikin jam'i kullum, zikiri ranar Juma'a da yamma. Sa'o'in da a da ba su da mai su, suka samu mai su. Wanda ba a gani a sahu ba, za a tambaya ina ya shiga. Kasuwa ma ta amfana, domin mutumin da kake gani sau biyar a masallaci ya fi sauƙin ba wa bashi a kan wanda ba ka san inda yake kwana ba.

Daga baya, bayan kafa Izala a Jos a 1978, aka samu saɓani kan wasu daga cikin waɗannan ayyuka, kuma nan ba wurin wannan muhawara ba ne. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa tsakanin magariba da lisha ba lokacin yawo ba ne. Wani na wazifa, wani na gaban malami da littafi. Makarantun Islamiyya na yamma da na dare, har da na matan aure, sun cike wani gurbi babba.

Inda ma'auni ya kuskure

A watan Janairun 1955 gwamnatin Jihar Yamma, ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo, ta fara ilimin firamare kyauta. Tun 1948 akwai kwalejin jami'a a garin nan, ba ta da nisa da mu. Maƙwabtanmu suka tura 'ya'yansu makaranta tururuwa. A Sabo kuwa, iyaye da yawa suka ga zaman aji ɓata lokaci ne.

Kada mu yi saurin zarginsu, suna da hujjarsu. Makarantu da yawa na mishan ne, uba na tsoron addinin ɗansa. Ga yaro na da amfani a zaure, yarinya kuma ita ce ƙafar uwarta, domin matan kulle da tallar yara suke sayar da tuwo da fura da ƙosai, da ita ake tara kayan ɗaki. Ribar talla a yau ake ganinta, ribar boko sai bayan shekara goma sha. Da ma'aunin huhun goro suka auna, shi kuwa wannan ma'auni ba ya hango abin da ya wuce kaka ɗaya.

Sakamakon ya fito a hankali. Mai gida mai dukiya ya koma neman wanda zai cika masa takardar tasha da ta banki. In magana ta kai ofis ko kotu, sai an nemo mai magana daga waje. An haifi mutum a Ibadan, an haifi ubansa a Ibadan, amma da wuya ka ga ɗan unguwa a kujerar da ake yanke shawarar kasuwarsa. Alhamdu lillahi yanzu muna da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da lauyoyi 'yan Sabo, sai dai mun makara da zuriya guda ko biyu. Darasin a nan shi ne, abin da bai kawo kuɗi yau ba, ba lallai ne ya zama banza ba.

Rediyo da lokacin albashi

A 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa. A 1959 aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya, nan Ibadan. A 1962 rediyon Kaduna ya fara aiki. Akwatin rediyo ya shigo zaure ya zauna daram, har ya zama da wuya ka ga Bahaushe a kurmi ba shi rataye da ita. An samu masu cewa shagala ce. Amma a rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, mai dukiya a kan hanya da mai iyali a Arewa sun san darajar labari. Rediyo ba ta hana hannu aiki, kana ji kana tsintar goro. Shi ya sa ta samu karɓuwar da talabijin da bidiyo ba su samu da sauƙi ba, su da sai an ba su ido.

Sai kuma aikin albashi, wanda ya zo da nasa hukunci. Waɗanda suka yi wayo a 1984 za su tuna yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon, lokacin da sojoji ke sa ma'aikacin da ya makara tsallen kwaɗo a ƙofar ofis. Ko me mutum zai ce kan salon, akwai gaskiya ɗaya a ciki: mai karɓar albashi ya sayar da sa'o'insa. Ɗan kasuwa in ya rufe shago ya tafi ɗaurin aure, aljihunsa ya taɓa. Maigadi ko direba ko yaron shago in ya yi haka ba izini, aljihun wani ya taɓa.

A nan zan yi magana a matsayin mai jan salla wani lokaci. Sallar azahar da alwalarta ba ta wuce minti goma sha biyar. Wanda ya ce wa ubangidansa zai je masallaci, ya share awa guda a wurin mai shayi, ya ci haƙƙi, ya kuma sa an raina sallar. Gobe in wani yaro Musulmi ya nemi izini a wannan wuri, za a tuna da shi. Suratul Jumu'a da ta umarce mu da barin ciniki in an yi kira, ita ce kuma ta ce in an idar a watsu a nemi falalar Allah. Haka nan kai mai gida, in ka riƙe yaro shekara goma ba albashi, ba koyarwa, ba ranar sallama, kai ne ka ɓata masa lokaci. Tsarin da iyayenmu suka bari yana da ƙarshe: aure da jari. In ka ɗauki rabin tsarin ka yar da rabi, sunansa zalunci.

Zamanin waya

A 2001 wayar hannu ta shigo. Cikin 'yan shekaru, rabin abin da ake zama a zaure domin a ji ya koma aljihu. Farashin tumatir da albasa a Shasha, na shanu a karar Akinyele, na dala a bakin titin Sabo, duk a waya. Mutum na kasuwar Fataskum zai turo hoton sa ta WhatsApp, a yi ciniki, a tura kuɗi, mota ta taso. Saboda haka in saurayi ya ce aiki yake yi a waya, sau da yawa gaskiya ya faɗa. Dattijon da ya ce duk mai kallon waya malalaci ne, ya yi irin kuskuren baƙon da ya ga yaran mai gida a kara ya ce ba su da aikin yi.

Amma a cikin wayar nan akwai tabarmar kartar da, ta dawo da sabuwar riga. Cacar ƙwallo ta ci jarin yara da yawa, ba tare da kowa ya gan su a gidan caca ba. Ga bidiyo marar ƙarshe, wannan na ƙarewa wani na farawa, sai mutum ya ɗaga kai ya ji ana kiran asuba. A da in yaro ya ɓata dare, unguwa ta gani ta tsawata. Yanzu a ɗakinsa yake, ƙofa a rufe.

Benci ma sai ya binciki kansa. Tunda labarin kasuwa ya koma waya, wasu majalisun ba abin da ya rage musu sai gulma da musun siyasa. Irin wannan zama suna kawai ya gada. Sai dai akwai aikin da waya ba ta iya yi har gobe. Ba ta shaidar halin mutum in za a ba shi aure ko bashi. Ba ta sulhunta dillali da falke. A rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, inda aka rasa rayuka aka ƙona shaguna, jita-jita ta waya ta riƙa gudu kamar wutar daji. A irin wannan rana, unguwa na bukatar mutanen da suka daɗe suna zama da maƙwabtanmu Yarabawa, suna zuwa musu biki da ta'aziyya, waɗanda in sun yi magana za a saurara. Wannan ba a sayensa ranar da ake bukatarsa. Da zaman shekaru ake tara shi.

Ma'aunin da za mu riƙe

In muka haɗa tarihin nan, za mu ga ba a gane ɓata lokaci da ido. Zama ko tsayuwa, benci ko waya, duk ba su ne hukunci ba. Tambaya ta farko, lokacin na wa ne? In ka sayar da shi, ko na iyalinka ne, ko na salla, to ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi. Ta biyu, in an tashi me ya rage? Ilimi, ko ciniki, ko zumunci, ko sulhu, ko da hutun jiki ne. Ta uku, wane huhu ka bari yana ruɓewa kafin ka zauna?

Hutu kansa ba laifi ba ne. Ƙailula sunna ce, jiki na da haƙƙi, iyali na da haƙƙi. Dattawanmu sun buga dara da la'asar sakaliya, ba wanda ya ce sun lalace, domin in ladan ya kira sukan bar ramukan su tashi. Yaro ya buga ƙwallo ko ya kalla, ba komai, in ya san lokacin tashi. An ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne da mutane da yawa ke tafka asara a cikinsu. Ɗan kasuwa ya fi kowa gane wannan lafazi, domin ya san zafin sayar da kaya ƙasa da kuɗinsu.

Shawarata ga iyaye, kafin ka ce wa ɗanka ya ajiye waya, ka ce ya nuna maka abin da yake yi a ciki. Wataƙila kai ma ka ƙaru. In za ka je sulhu ko gaisuwa wurin shugabannin kasuwa, ka tafi da shi ya zauna ya ji, yadda aka yi da mu. Ku kuma samari, ku riƙa tsugunawa a majalisar dattawa ko da rabin awa ne, akwai sunaye da alaƙoƙin da in sun tafi da su kabari ba za ku same su a intanet ba. Yaran da ke yawo a layukan unguwa da hantsi kuwa, lokacin da 'yan'uwansu ke aji, wannan nauyin kowa ne, kada mu maimaita lissafin 1955.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan unguwa, Ya sa albarka a cikin lokacinmu da nemanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.